Sai Mun Bi Ta Landan Kafin Mu Gaida Mutumin Zanzibar?



Wata uku ke nan da wasu daga cikinmu, mu shida 'yan ƙungiyar marubuta, muka ɗaura ɗamarar koyon harshen Swahili. Babu wanda ya taɓa taka Kenya ko Tanzaniya a cikinmu, babu kuma wanda ya karanci kimiyyar harshe. Masu difloma ne kawai, wannan ta akanta, wancan ta aikin jarida. Abin da ya tunzura mu shi ne musun nan da muke tafkawa duk ranar 26 ga Agusta idan Ranar Hausa ta zagayo, wato tsakanin Hausa da Swahili wane ne ya fi yawan masu magana da shi. Muna cikin zafin musun sai wani dattijo a taronmu ya ce to, tunda kun san harshen har kuna auna shi da naku, a kawo masa kalma biyar. Muka kawo simba, wato zaki. Muka kawo safari. Daga nan aka yi tsit.

Kunya ce ta sa muka fara. Amma abin da muka gano a hanya shi ya sa muke wannan rubutu, domin ya shafi duk mai riƙe alƙalami a zauren nan.

Duk kayan karatun da muka samu, daga manhajar waya zuwa littattafan da muka sauke daga intanet, da Turanci aka rubuta su, kuma Bature aka yi wa su. Wannan ba laifi ba ne, don kansu suka yi. Sai dai shi Bahaushe da ya bi ta wannan hanya, yana ɓata rabin ƙarfinsa wajen fahimtar bayanin abin da tun yana goye ya san shi. Ga misali. Akwai kalmar pole. Littafin Turanci zai cika rabin shafi yana kame-kame: wai kalma ce ta tausayawa, wai ba neman gafara ba ce, wai ana faɗa wa marar lafiya, ana faɗa wa wanda ya yi tuntuɓe, ana faɗa wa wanda ya gaji, wai ba ta da takwara. Muka karanta har ƙarshe, sai ɗayanmu ya fashe da dariya ya ce, ai sannu ce! Pole na kazi, sannu da aiki. Pole na safari, sannu da hanya. Kai, har ninka ta suke yi kamar yadda muke yi: polepole, sannu-sannu, wato a hankali. Rabin shafi na Turanci, kalma ɗaya ta Hausa ta biya.

Tun daga ranar muka ajiye fassarar Turanci gefe, muka riƙa tambayar kanmu: yaya Bahaushe zai faɗi wannan? Karatun kuwa ya yi sauri ba kaɗan ba.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Swahili ba ɗan uwan Hausa ba ne ta jini. Harshen Bantu ne, danginsa su ne irin su Zulu da Lingala, Hausa kuwa daga dangin harsunan Cadi take. Masu cewa Swahili gurɓataccen Larabci ne su ma sun yi kuskure, domin ƙashin bayansa, wato nahawunsa, na Bantu ne tsantsa. Abin da ya haɗa mu da su shi ne makaranta ɗaya muka yi. Su Larabci ya zo musu ta teku a cikin jiragen ruwan fatake, mu ya zo mana ta hamada a kan raƙuma. Sunan harshen ma daga sawahil yake, jam'in sahil, wato gaɓar teku, kuma daga wannan kalmar aka samo Sahel, yankin da muke zaune a bakinsa. Su mutanen gaɓar ruwa, mu mutanen gaɓar rairayi.

Don haka duk Bahaushen da ya buɗe littafin Swahili, da jarinsa ya shigo. Dubi waɗannan: dunia, duniya. Kalamu, alƙalami. Habari, labari. Wakati, lokaci. Akili, hankali. Sabuni, sabulu. Hatari, hatsari. Mwalimu, malami. Lokutan yini kuwa kamar a masallacin unguwarku: alfajiri, asubuhi, adhuhuri, alasiri, magharibi. Ƙidaya daga ashirin zuwa casa'in kyauta muka same ta: ishirini, thelathini, arobaini, hamsini, sitini, sabini, themanini, tisini. Abin da ya rage mana haddacewa shi ne ɗaya zuwa goma: moja, mbili, tatu, nne, tano, sita, saba, nane, tisa, kumi. A cikinsu ma sita da saba da tisa duk wanda ya yi makarantar allo ya gane su. Ashirin da biyar kuma ishirini na tano ce, domin na ɗinsu ita ce da ɗinmu.

Wani abin sha'awa shi ne yadda kowannenmu ya tauna Larabcin da haƙoransa. Mu mun haɗiye al ɗin nan ta farkon kalma, ta zame mana l: alkitab ya koma littafi, alkhabar ya koma labari, alwaƙt ya koma lokaci. Su kuwa galibi sun jefar da ita. Da suka ɗauki kitab suka mai da shi kitabu, sai kunnensu ya ji ki ɗin farko kamar ɗafa-goshin da suke sa wa kayan amfani, irin na kiti, kujera, wadda jam'inta viti. Shi ke nan, jam'in kitabu ya zama vitabu. Balarabe ba zai gane kalmarsa ba, kamar yadda ba zai gane littattafai ba.

To, ina wuyar take? Akwai ta, kuma gara mu faɗa tun da wuri don kada wani ya shiga da zaton shan romo.

Ta farko a baki take. Swahili na da wasula biyar, a, e, i, o, u, ba shi da karin sautin da ke bambance ma'ana kamar yadda namu ke raba kuka na hawaye da kuka ta miya, kuma kusan kullum a gaɓa ta biyun ƙarshe ake danna murya. Yadda aka rubuta haka ake karantawa. Wannan duk sauƙi ne. Amma suna bambance p da f, mu kuwa kowa ya san halinmu. Pika shi ne dafa, fika shi ne isa wuri. Mgeni amefika, baƙo ya iso. Mgeni amepika, baƙo ya yi girki. Mun shafe mako guda muna sa baƙi girki kafin harshenmu ya miƙe. Haka v da b. Sannan akwai kalmomin da ke farawa da m ko n ba tare da wasali ba, kamar mtu, mutum, da mbwa, kare, da ndizi, ayaba. Bakin Bahaushe sai ya so ya cusa wasali a tsakani. Babu littafin Turancin da zai gargaɗe ka a kan p da f ɗin nan, domin ba ciwon Bature ba ne.

Akwai kuma kalmomin da muke kira 'yan yaudara, masu kama da namu amma ma'anarsu daban. Soma a wurinsu karatu ne, ba farawa ba. Kaka yaya ne namiji, ba mahaifin uba ko lokacin girbi ba. Haraka gaggawa ce, ba harkar kasuwanci ba, ko da yake tushensu ɗaya a Larabci. Marahaba kuma, duk da kamarta da maraba, amsa ce da babba ke bai wa ƙarami idan ya gaishe shi da shikamoo. Gaisuwar girmamawa ce da yaro ke yi wa na gaba da shi, irin yadda muke durƙusawa mu gaida iyaye. Mai son yi wa baƙo maraba karibu zai ce. Idan ka je ƙofar gida ka ce hodi, kamar sallama, daga ciki a amsa maka da karibu.

Wuya ta biyu ita ce babba, ita ce kuma ke korar mutane: rukunan suna. Mu a Hausa suna ko dai namiji ne, ko mace, ko jam'i. Su babu ruwansu da jinsi ko kaɗan. Yeye shi ne shi, shi ne ita. Anasoma na nufin yana karatu, yana kuma nufin tana karatu. Marubutan soyayya na zauren nan su lura: nakupenda ta wadatar, ko ina son ka ko ina son ki. A maimakon jinsi, sai suka kasa sunaye rukuni-rukuni, kowane da ɗafa-goshinsa na tilo da na jam'i. Mutane suna rukunin m da wa: mtu, watu, mtoto, watoto, yaro da yara. Itatuwa da makamantansu suna m da mi: mti, miti. Kayan amfani da yawa suna ki da vi. Akwai na ji da ma: jicho, macho, ido da idanu. Akwai waɗanda ba sa canzawa, kamar nyumba, gida ko gidaje. Akwai na u, inda ake samun sunayen abin da ba a gani, kamar uhuru, 'yanci.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Duk abin da ya biyo bayan sunan sai ya sa rigar rukuninsa, sifa da adadi da aikatau. Kitabu kizuri kimoja kimepotea, kyakkyawan littafi ɗaya ya ɓata. Vitabu vizuri viwili vimepotea, kyawawan littattafai biyu sun ɓata. Watoto wazuri wawili wamekuja, kyawawan yara biyu sun zo. Ka ji yadda ki, ki, ki da vi, vi, vi da wa, wa, wa ke bin juna kamar anko a gidan biki. Ranar da muka fara cin karo da wannan, biyu daga cikinmu sun ce sun haƙura.

Abin da ya dawo da su shi ne da muka zauna muka dubi namu harshen da idon baƙo. Wane ne ya koya mana cewa jam'in gida gidaje ne, na mutum mutane, na doki dawaki, na akuya awaki, na sarki sarakuna? Wace doka ce ta ce tukunya mace ce, tulu namiji? Duk wanda ya iya wannan ruɗani ba tare da ya yi kuka ba, bai kamata tebur mai layi takwas ya firgita shi ba. Kuma ita kanta dabarar daidaita kalma da sunan da take bi, muna da ita. Muna cewa gidan malam amma motar malam, farin gida amma farar mota. Su ma haka: mtoto wa mwalimu, ɗan malami, kitabu cha mwalimu, littafin malami, vitabu vya mwalimu, littattafan malami. Mu ƙofa biyu ko uku gare mu, su sun fi mu yawan ƙofofi, amma ginin iri ɗaya ne. Har yadda muke cewa Bahaushe, Hausawa, Hausanci, su ma suna cewa Mswahili, Waswahili, Kiswahili. Da bakinsu mu Wahausa ne, harshenmu Kihausa.

Aikatau kuwa, wanda muka zaci zai fi ba mu wuya, shi ya fi daɗi. Kamar jeren taragon jirgin ƙasa yake: mai aiki a gaba, lokaci a tsakiya, aikin a ƙarshe. Masu aikin su ne ni, u, a, tu, m, wa, wato ni, kai ko ke, shi ko ita, mu, ku, su. Lokutan da mai farawa ke buƙata huɗu ne: na don abin da ake cikin yi, li don wanda ya shuɗe, ta don mai zuwa, me don wanda aka riga aka kammala. Sai ka jona. Ninasoma, ina karantawa. Nilisoma, na karanta. Nitasoma, zan karanta. Tumesoma, mun riga mun karanta. Idan akwai wanda aikin ya faɗa wa, sai a ƙara masa tarago kafin aikatau: nitakuona, zan gan ka. Da waɗannan 'yan gutsattsarin goma da aikatau ashirin, mutum zai ƙera ɗaruruwan jimloli a zama ɗaya. Korewa ce ke ɗan canza fasali, sisomi, ba na karantawa, sikusoma, ban karanta ba, amma ita ma tana da ƙa'ida.

A nan ma Hausa ta fi Turanci kusa da su. Nina pesa a zahiri ni da kuɗi take nufi, daidai da ina da kuɗi. Sina pesa, ba ni da kuɗi, jimlar da duk marubuci ya kamata ya fara haddacewa. Sannan yadda muke juya ƙarshen aikatau mu ce karanta, karantar, ko dafa, dafu, su ma haka suke yi: soma, karanta, somesha, karantar, pika, dafa, pikia, dafa wa wani, pikika, dafu, penda, so, pendana, son juna. Funga rufewa ce, ita ce kuma yin azumi, fungua buɗewa. Wanda ya saba cewa buɗa-baki ba ya buƙatar dogon sharhi.

Abu guda da babu harshen da zai cece ka a kansa shi ne agogo. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga awoyi, saboda a kusa da tsakiyar duniya suke, inda rana ke fitowa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara. Ƙarfe bakwai na safe a wurinsu saa moja asubuhi ce, awa ta ɗaya. Sha biyun rana saa sita. Idan mutumin Darussalam ya ce ku haɗu saa kumi, ƙarfe huɗu na yamma yake nufi. Ranakun mako ma daga Asabar suke farawa, bayan Juma'a: Jumamosi, Jumapili, Jumatatu, Jumanne, Jumatano, sannan Alhamisi da Ijumaa. Ka ga Laraba ta zama rana ta biyar a ƙirgensu, Alhamis kuma ta biyar a ƙirgen Larabawa, biyar biyu a jere, kuma babu wanda abin ya dama.

Mun san abin da wasu za su ce, domin an riga an faɗa mana a ido: Hausar ma ba mu gama gyara ta ba, yaranmu ba su iya raba ɗa da da a rubutu ba, me ya kai mu harshen wasu? Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Amma mu abin da muka gani shi ne, a wata ukun nan mun koyi nahawun Hausa fiye da abin da muka koya a sakandare, saboda sai da muka tsaya muka tambayi kanmu dalilin da ya sa muke cewa motar ba motan ba. Wasu kuma suna kallon Swahili a matsayin kishiya. To ko kishiyar ce, ai gara ka san me take dafawa.

Mu dubi tarihi kaɗan. Su ma da ajami suka fara, kamar mu. Akwai rubutacciyar waƙarsu, Utendi wa Tambuka, da ke ɗauke da shekarar 1728. A wajen 1858 wata mata mai suna Mwana Kupona, a yankin Lamu, ta rubuta wa 'yarta waƙar nasiha da har yau ake karantawa, a daidai zamanin da Nana Asma'u ke rubuta nata waƙoƙin a ƙasar Sakkwato. A 1930 aka kafa kwamitin daidaita Swahili, aka ɗauki karin harshen Zanzibar a matsayin ma'auni. A 1933 aka yi gasar da ta haifar mana da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. A shekara ɗaya, 1957, BBC ta buɗe sashen Hausa da na Swahili. Tare muka taso.

Inda suka tsere mana shi ne da suka bai wa harshen aikin yi. Julius Nyerere ya mai da shi harshen ƙasa a Tanzaniya, ana koyar da 'yan firamare da shi, ana muhawara da shi a majalisa, aka kafa hukumar kula da shi a 1967. Shi kansa Nyerere, yana kan mulki, ya fassara wasannin Shakespeare biyu zuwa Swahili. Kenya ta sa shi a tsarin mulkinta na 2010 a matsayin harshen hukuma tare da Turanci. A Nuwamban 2021 UNESCO ta ware 7 ga Yuli ta zama ranar Swahili ta duniya, a Fabrairun 2022 kuma Tarayyar Afirka ta karɓe shi cikin harsunan aikinta. Mu kuwa sashe na 55 na tsarin mulkin 1999 ya ce za a iya gudanar da majalisar tarayya da Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace, kuma har yau tanadin muke jira. Ba wai su ma sun gama tsira ba ne. A Tanzaniyar ma da yaro ya shiga sakandare sai karatu ya koma Turanci, kuma Abdulrazak Gurnah, ɗan Zanzibar da ya ci kyautar Nobel a 2021, da Turanci yake rubutu. Ciwonmu iri ɗaya ne, shi ya sa ma ya kamata mu iya zama mu yi jinyar juna ba tare da tafinta ba.

A yau idan marubucin Hausa na son karanta Shaaban Robert, wanda suke ɗauka uban adabinsu na zamani, sai ya nemi fassarar Turanci. Idan ɗan Mombasa na son sanin Abubakar Imam, shi ma sai ta Turanci. Alhazanmu suna haɗuwa da nasu a Makka da Madina duk shekara, a sahu ɗaya, a gaisa da hannu a rabu da murmushi. Matasanmu suna rawa da waƙoƙin Diamond Platnumz ba su san me yake cewa ba. Mun iya gaisuwar Indiyawa daga fim, wasunmu har ta Koriya sun iya, amma hujambo da amsarta sijambo sun gagare mu.

Shawararmu ga zauren nan ƙarama ce. Mu haɗu mu rubuta ɗan littafin koyon Swahili da Hausa, kai tsaye, ba tare da kalmar Turanci ko ɗaya a ciki ba. Shafi talatin ya isa a fara: gaisuwa, ƙidaya, kalmomin da muka yi tarayya a kansu, 'yan yaudara, taragon aikatau, rukunan suna huɗu na farko, agogo. Mun riga mun tara kalmomi a littafin rubutu guda, da kurakuranmu a ciki. Abin da muka rasa shi ne mai harshen da zai duba mana, domin ba ma son mu koya wa mutane sa baƙi girki. Duk wanda ya yi karatu da 'yan Tanzaniya ko Kenya, a Madina ne ko Sudan ko Malesiya, ko yake da abokin kasuwanci daga can, don Allah ya haɗa mu da shi. Masu karatun Hausa a jami'a kuma su taimaka mana da sunayen nahawu, kada mu ƙirƙiro abin da malamai suka riga suka raɗa wa suna.

Kafin mako mai zuwa ga ɗan aiki. Andika shi ne rubuta. A gaya mana yadda za a ce muna rubutawa, mun rubuta jiya, da za mu rubuta. Jiya ita ce jana. Wanda ya leƙa manhajar fassara, Allah na ganinsa.